Efo riro: dalilin da ya sa naki ke tsinkewa, ganyen ya yi baƙi

Wata 'yar'uwa daga Zariya ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Na ci efo riro a gidan maƙwabciyata Bayarabiya, ya yi mini daɗi ƙwarai. Na gwada a gida da alayyahu da tumatir da attaruhu da manja da daddawa, amma kullum sai ya fito tsululu, ruwa gefe ganye gefe, ganyen kuma ya yi baƙi. Maigida ya ce ai wannan miyar alayyahu ce aka zuba wa manja. Ina matsalar take? Kuma dole ne sai da irin ganyensu na can?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sai dai ki yi haƙuri, amma maigidanki bai faɗi ƙarya ba. Kayan da kika lissafa na miyar alayyahu ne, kuma ina kyautata zaton hanyarta kika bi: a soya kayan miya sama-sama, a tsaida ruwa, a zuba nama, a kawo ganye a rufe tukunya a bar shi ya yi ta dahuwa. Hanyar ba ta da laifi, da ita aka raine mu, sai dai ba ta kai mutum ga efo riro. Yarbawa ba sa tsaida wa wannan miya ruwa sam. Jajjagen tattasai suke soyawa cikin manja har ruwansa ya ƙone, su jefa nama da kifi su sha, sannan su kawo ganyen da aka riga aka matse su juya shi ciki na 'yan mintuna, su sauke. Na zauna a Sabo ta Ibadan, kuma a hannun matan da ke sayar da abinci a buka na koyi girkin. Abin da na fi lura da shi a wurinsu shi ne, tun daga yankan ganye har sauke tukunya, aikinsu ɗaya ne: raba kowane kaya da ruwan da ke jikinsa kafin ya shiga miya.

Bari in fara da ganyen, tunda kin tambaya. Ba dole ba ne sai kin aika kudu. Ganye biyu ne Yarbawa suka fi yin efo riro da su, tete da soko. Tete shi ne alayyahun nan namu da ke kowace kasuwa, don haka kina da ganyen asali a hannunki. Soko ɗan'uwansa ne, ganyensa ya fi siranta da tsini, wani irin ma yana da ja-ja a tsakiya. Yana da ɗan ɗaci-ɗaci, kuma ya fi alayyahu jure wuta, shi ya sa masu buka da yawa suka fi son sa, don tukunyarsu kan daɗe a gefen murhu. Idan kika leƙa wurin matan Yarbawa a kasuwar Sabon Gari kika ce soko ko shoko, za su gane. Akwai kuma efo igbo, wato ganyen wani irin yalo mai faɗi, mai ɗaci, wanda tsofaffi ke so, da gbure mai ruwa da santsi. Gbure kam ki bar shi tukuna, ruwa ne zalla, zai ƙara miki matsalar da kike gudu. Ugu ana iya haɗa shi da alayyahu, kashi ɗaya cikin uku, yana ba miya jiki don ba ya zubar da ruwa sosai. Amma idan ugu kaɗai kika yi amfani da shi, miyar za ta yi daɗi, ɗanɗanon dai zai karkata wajen miyar ganyen mutanen gabas, ba irin wadda kika ci a gidan maƙwabciyarki ba.

Wajen saye ki nemi ɗanyen alayyahu matashi wanda bai fara fure ba, wanda in kin karya karansa zai ɓalle ɗas. Kada ki bari mai ganye ya yanka miki a kasuwa. Na san ana yi don sauƙi, amma ganyen da aka yanka da ƙasarsa, sannan aka wanke, ya riga ya sha ruwa ta bakin yankan, kuma yashin ba ya fita duka. Ki tsinke ganyen da lallausan karan sama, ki wanke a babbar roba da ruwa mai yawa da ɗan gishiri, ki riƙa tsamo ganyen kina barin ruwan a baya, har sai kin daina ganin yashi a gindin robar. Wasu lambunan bakin gari da ruwan kwata ake ba su ruwa, wankin ba na wasa ba ne. Bayan ya tsane a kwando sai ki yanka, kuma kada ki yi masa yankan miyar taushe siri-siri. Faɗin yatsa ya isa, don zai yanƙwane.

Yanzu tumatir. Ki cire shi. Za ki samu Yarbawan da ke jefa guda ɗaya ko biyu, musamman matan Legas na yanzu, kuma ba wanda zai kai su ƙara, amma efo riro na gargajiya tattasai ne da attaruhu da albasa. Tumatir yana kawo ruwa mai yawa, yana kawo tsami, kuma tsamin nan yana cikin abin da ke baƙanta miki ganye, zan dawo kansa. Jan da kike nema tattasai ne ke ba da shi, sai shambo idan kina son ya ƙara kala da ɗan yaji mai ƙanshi. Abin dariyar ma shi ne, yawancin tattasai da attaruhu da albasar da ake sayarwa a kasuwannin Mile 12 ta Legas da Bodija ta Ibadan daga Arewa manyan motoci ke kai su. Kayan da Bayarabiya ke saye da tsada bayan sun kwana a hanya, ke a bakin gona kike samunsu.

Ga ma'aunin da nake bi na gida mai mutum 6: alayyahu kimanin kilo 1 da karansa, manyan tattasai 6, shambo 4, attaruhu 3 ko 4 gwargwadon ƙarfin bakin mutanen gidanki, manyan albasa 2, manja kusan kofin shayi 1, iru, wato daddawar Yarbawa, cokali 3 na cin abinci, dakakken kirefish cokali 3, nama rabin kilo, tumbi da ganda gwargwadon hali, busasshen kifi manya 2, magi 2, gishiri. Ba kori, ba tayim. Waɗannan kayan jar miya ne da dafa-duka, in suka shiga nan suna danne ƙanshin iru, miyar ta rasa inda ta dosa.

Tattasan ki tsaga shi ki cire 'ya'yan da farar jijiyar ciki, don su ne ke sa ɗaci. Sannan jajjage za ki yi, kada ki kai markaɗe inji. A inji ruwa suke ta zubawa don ya wuce, ki dawo gida da bokitin ruwa mai ja. Turmi ya fi, ko gireta. In bilenda ce ki yayyanka kayan ƙanana, ki sa albasa ɗaya a ƙasa don ruwanta ya taimaka wa wuƙar, ki riƙa kunnawa kina kashewa, ya fito da ɓarzo-ɓarzo, ana ganin fatar tattasan. Daga nan ki juye a tukunya ba mai ba komai, ki ɗora a wuta a buɗe har ruwan ya ƙafe, ya zama in kin ja cokali a gindin tukunyar hanyar ba ta rufewa da ruwa. Wasu a mataci suke zubawa ruwan ya tsiyaye. Ya fi sauri, amma zaƙin tattasan na bin ruwan ya tafi, don haka ni dafawar na fi so. Wannan mataki shi ne wanda mata suka fi tsallakewa don gaggawa, alhali shi ke rage miki rabin lokacin suya.

Naman kuma daban za ki dafa shi da albasa da gishiri da magi ɗaya, da ruwa kaɗan, yadda in ya yi laushi romon da zai rage ba zai wuce kofi ɗaya ba, mai kauri. Tumbi ya fi tsoka daɗewa, shi za ki fara ɗorawa. Ki yanka komai ƙanana, daidai loma, saboda efo riro miya ce da ake so kowace loma ta ɗauko wani abu: nan guntun ganda, can ɓallin kifi. Idan da hali ki ɗan soya tsokar bayan ta dahu, tana riƙe jikinta a cikin miya. Yarbawa na da wanda suke kira elemi meje, mai rai bakwai, wanda ake tara masa nama, tumbi, ganda, ƙafar saniya, busasshen kifi, jatan lande, har da dodon koɗi ko ƙaguwa. Wannan na ranar biki ne ko ranar da albashi ya shigo. Dodon koɗi dai na san yawancinmu ba ma ci, kuma rashinsa ba ya rage komai. Abin da ba na yarda a rasa shi ne busasshen kifi da ganda. Kifin ne ke ba da ƙanshin hayaƙi, gandar kuma ita ke tsotse miya ta riƙe.

A kan ganda, wadda suke kira ponmo, ki buɗe ido wajen saye. A 2019 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta gargaɗi jama'a kan fatun da aka tanada don masana'antu, waɗanda aka sa wa sinadarai, amma ake karkatar da su kasuwa a sayar a matsayin ta ci. Ga kuma masu babbaka da tayar mota. Ki shinshina. In kin ji warin taya ko na magani, ko kika ga ta yi kauri da kumburin da ya wuce misali, ki wuce. Wadda kika saya ki kankare ta da wuƙa da soson ƙarfe, ki tafasa ki zubar da ruwan farko. Busasshen kifi kuma mu ne da shi: bandar tarwaɗa ta Baga ko Haɗeja ko Yawuri ta wadatar, ba sai kin nemi panla, busasshen kifin tekun da suke sawa ba, ko da yake in kin samu ki haɗa. Ki jiƙa shi a ruwan zafi da gishiri na minti 5, ki wanke, ki ɓare ki cire ƙaya da kayan cikin. Kada ki marmashe shi, manya-manya za ki bari.

Sai iru, kuma a nan ne ɗanɗanon da kika ji a gidan maƙwabciyarki yake ɓoye. Iru da daddawarmu uwa ɗaya uba ɗaya suke, duka daga kalwar ɗorawa. Ana dafa kalwar sa'o'i masu yawa, a cire ɓawon, a sake dafawa, a rufe ta a wuri mai ɗumi kwana 2 zuwa 3 ta ruɓa yadda ake so. Daga nan hanya ta rabu. Mu sai a kirɓa, a mulmula, a shanya a rana ta bushe ta yi baƙi, don ta daɗe a ajiye. Su kuwa gishiri suke barbaɗa mata su bar ta ɗanya, ƙwaya-ƙwaya, a ƙunshe a ganye ko leda. Shanyar nan tana canja ƙanshin: busasshiyar daddawa ta fi kaifi da ɗan ɗaci, ɗanyen iru ya fi taushi da maiƙo, kuma in ya soyu a manja yana ba da wani ƙanshi da magi ba ya iya kawowa. Iri biyu ne a kasuwa. Iru woro shi ne mai ƙwaya a warware, shi ake so a efo riro don a riƙa cin karo da shi a baki. Iru pete ya dame ya yi laushi, an fi sa shi a ewedu, wato miyar lalo ko ayoyo. Ki ce wa mai sayarwa woro kike so. Ki ɗauraye shi sau ɗaya cikin ruwa kaɗan, kina tsamowa da hannu saboda tsakuwa, kada ki yi ta wanki har ƙanshin ya bi ruwa.

Idan ba ki samu iru ba, daddawar kalwa za ta tsaya, amma da sharaɗi. Kada ki daka ta da kayan yaji ta zama gari yadda muke yi wa kuka. Ki ɓaɓɓalla ta, ki jiƙa a ruwan ɗumi cokali biyu ko uku ta yi laushi, ki sa rabin ma'aunin da na faɗa, ki soya ta a manja tare da albasa. Daddawar batso da ta waken suya kuwa ki ajiye su don wata miyar.

To, an zo suya. Ki samu tukunya mai faɗi, don ruwa ya fi saurin ƙonewa a cikinta fiye da doguwa. Ki zuba manja ya narke ya yi zafi, minti 1 ko 2, kada ki bari ya yi hayaƙi har ya washe. Manjan da ake ƙonawa ya koma kalar man gyaɗa na miyar shinkafar Ofada ne. A efo riro ana son jansa da ƙanshinsa, kuma jan nan shi ne sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, ƙonawa na lalata shi. In gafin manja kike tsoro, albasa ce maganinsa: ki zuba yankakkiyar albasa guda ta soyu har ta yi laushi ta fara ja a gefe. Kuma ki ɗanɗana manjanki tun a kasuwa. Wanda ya tsufa yana maƙaƙi a maƙogwaro, ba kuma abin da za ki zuba ya gyara shi.

Albasa na yin laushi sai iru, ki juya minti 1. Gidan zai ɗauki wari, yara za su toshe hanci, ki ƙyale su, su ne za su nemi ƙari. Sai jajjagen da kika ƙafar. Ki rage wuta zuwa matsakaiciya, ki bar tukunya a buɗe, ki riƙa juyawa kada ya kama. Zai ɗauki minti 15 zuwa 20. Kada ki dogara da agogo kaɗai, akwai alamu. Da farko za ki ji yana ɓararraka da tururi mai yawa, wannan ruwa ne ke fita. Can sai ƙarar ta koma ta suya, tururin ya ragu, jan ya ƙara duhu, manjan ya rabu ya taso ya kewaye gefen tukunya, jajjagen ya yi ƙwaya-ƙwaya. Ki ɗanɗana: in har kina jin ɗanyen tattasai ko tsami, bai yi ba. Sai ya kai nan za ki zuba rabin kirefish, da nama da tumbi da ganda, ki juya su soyu tare minti 3 ko 4.

Romo kuma a nan mata ke kwafsawa. An ga romo mai daɗi a tukunya, ana jin asara ce a bar shi, sai a juye duka. Ludayi ɗaya za ki sa, iyaka biyu, don kawai ya kwance abin da ya kama a gindin tukunya ya kuma ratsa gandar. Sauran ki ajiye ki dafa taliya da shi gobe. Ki kawo kifin ki shimfiɗa a sama, ki rufe minti 5 a ƙaramar wuta, sannan ki buɗe ki bar romon ya ƙone har man ya sake tasowa. Yanzu ne lokacin gyara gishiri da magi, kafin ganye ya shiga, kuma ki bar shi ya ɗan fi yadda kike so ƙarfi kaɗan, don ganyen zai sha. Ki tuna dai iru da kirefish da romo duk da gishirinsu suka zo. Kafin ki kawo ganye ki dubi tukunyar: ya kamata ta yi kama da naman da aka soya cikin yaji, har ki ji kamar ta bushe da yawa. Haka ake so. Ragowar ruwan da miyar ke buƙata yana cikin ganyen.

Maganar ganyen nan akwai saɓani ko a tsakanin Yarbawa. Wasu suna zuba shi ɗanye, suna cewa ruwan zafi na wanke amfaninsa. Suna da gaskiya ta wani ɓangare, don bitamin C na bin ruwa. Amma alayyahu kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, kuma in bai fita a waje ba, a cikin miyarki zai fita. Mai buka da ke da wutar itace mai ƙarfi da faffaɗar tukunya tana iya ƙone wannan ruwa cikin ɗan lokaci. Ke da ke kan risho ko ƙaramin gas, kafin ruwan ya ƙone ganyen ya riga ya mutu. Don haka shawarata ki yi masa wankan ruwan zafi. Ki tafasa ruwa mai yawa, ki sauke, ki zuba yankakken ganyen ki danna shi ya nutse. Alayyahu minti 1 ya ishe shi. Soko ki ba shi 2 zuwa 3, za ki ga ruwan ya yi duhu, ɗacin ne ke fita. Ki juye a kwando nan take, ki sheƙa masa ruwan sanyi har ya huce sarai, don in kika bar shi da zafinsa zai ci gaba da dahuwa a kwandon. Sannan ki riƙa ɗiba cikin tafin hannu biyu kina matsewa kamar kina matse wanki, har ruwa ya daina ɗiga. Kilo gudan nan zai koma curi uku ko huɗu, kada ki tsorata. Wani amfanin wannan wanka shi ne yana rage sinadarin okzalet da ke cikin alayyahu, wanda ake ce wa masu fama da tsakuwar ƙoda su yi hattara da shi.

Akwai hanya ta uku ga wadda ba ta son ruwan zafi: a barbaɗa wa yankakken ganyen gishiri, a ɗan murza, a bar shi minti 10, a ɗauraye a matse. Tana aiki, ganyen ma ya fi riƙe ƙarfinsa, sai dai ki rage gishirin miya.

Ki warware curin ganyen da yatsu, ki zuba kaɗan-kaɗan kina juyawa, har kowane ganye ya shafi manja. Ki tsaya da zubawa in kin ga ganyen na neman rinjayar jajjagen. Ana so a ga kore da ja tare. Ki barbaɗa sauran kirefish ɗin. Minti 3 zuwa 5 a matsakaiciyar wuta, tukunya a buɗe, sai ki sauke. Ko bayan kin sauke kada ki rufe ruf, ki ɗan jingina murfin, kuma in tukunyar mai kauri ce mai riƙe zafi, gara ki juye a wani kwano.

Ga dalilin baƙin da kike gani. Koren ganye wani sinadari ne da ba ya shiri da abu biyu, tsami da daɗewa a wuta. In suka haɗu masa sai ya rikiɗe ya koma kalar ƙasa-ƙasa mai duhu, kuma ba ya dawowa. Shi kansa ganyen yana da ɗan tsami a jikinsa da ke fita da tururi in ya ji zafi. Tukunya a buɗe, tsamin ya tafi. Tukunya a rufe, ya taru a murfi ya ɗigo ya koma ciki. To ke kin haɗa masa duka: ga tumatir, ga murfi, ga doguwar dahuwa don kina jiran ruwa ya ƙone. Na san za a ce miki ki jefa kanwa ganye ya tsaya kore. Zai tsaya kore, gaskiya ne, amma zai yi laushi ya dame, ya ɗauko santsi, ɗanɗanon ya canja, wasu bitamin ɗin ma su lalace. Kanwa ta ewedu ce da kuɓewa, inda ake neman yauƙi. A efo riro ana so haƙori ya ji ganye.

In kuma an riga an yi, kin duba kin ga ruwa ya kwanta, kada ki ƙara wuta ki bar ganyen a ciki. Ki karkata tukunyar, ki tura ganye da nama gefe, ki kwashe ruwan da ludayi ki zuba a ƙaramar tukunya, ki tafasa shi shi kaɗai har ya yi kauri, ki mayar. Ƙarin cokali ɗaya na kirefish ma yana tsotse ɗan ruwa. Wasu na gyarawa da agushi, amma da zarar agushi ya shiga kin koma wata miyar da suke kira efo elegusi, mai daɗi ce ita ma, tsarin girkinta dai daban.

Batun ajiya, wannan miya ba ta son kwana a waje, musamman da zafin bazara, tana saurin yin tsami. A firji tana kwana 2 ko 3 in wuta ta tsaya, kuma duk ɗumamen da aka yi mata ganyen na ƙara duhu, don haka ki ɗebi iya wanda za a ci ki ɗumama a ƙaramar wuta. Dabarar da ta fi ita ce ki soya jajjagen da namansa da yawa, ki raba a robobi ki sa a firiza ba ganye. Ranar da ake so sai ki narkar da ɗaya, ki sayo alayyahu sabo, cikin minti 15 kin gama. 'Yan'uwa da ke Ingila ko Amurka, inda sai daskararren alayyahun Turawa na cikin leda, su ma hanyar ke nan: a bar shi ya narke, a matse shi fiye da yadda ake matse namu don ya fi ruwa, a ba shi minti 2 kawai a wuta.

Abin ci da ita kuwa, a ƙasar Yarbawa sakwara ce kan gaba, sai amala da teba, kuma ana ɗora ta a kan farar shinkafa ko a ci da dafaffiyar doya. A gidajenmu tuwon shinkafa da na semo duk suna tafiya da ita. Abu ɗaya za ki gaya wa mutanen gida tun kafin su zauna: ba miyar da ake kwarara wa tuwo ba ce har ya nutse. A gefe ake zuba ta, a yanko loma a ɗebo ganye da ita. In maigida mai son tuwo ya jiƙe ne, ki yi masa yadda masu buka ke yi, ki ɗiga masa ɗan jar miya a gefen kwanon, ki bar efon yadda yake.